Ɗakin da Mainasara Ya Rushe da Hannunsa

Mainasara magini ne, ɗan magini. Mahaifinsa shi ya ɗora mafi yawan sorayen ƙauyensu a ƙasar Bukkuyum, ba nisa da Yargalma, kuma a hannunsa Mainasara ya koyi sana'ar. Bai yi boko ba, karatun allo ma bai wuce izu biyu ba. Amma ƙasa kam ya san ta. Zai ɗebo ta a tafin hannu, ya murza, ya sansana, ya ce maka wannan za ta yi shekara arba'in a tsaye, waccan damina biyu za ta narke. Ba a cika jin ya faɗa ya kuskure ba. Mutum ne marar yawan magana. Idan ana gardama a majalisa yakan sunkuyar da kai yana ɓanɓare busasshiyar laka daga farcensa, sai an tambaye shi sau biyu kafin ya ce wani abu.

Lokacin da zinari ya bayyana a dajin yankin, samari da magidanta suka watse zuwa ramuka. Shi bai je ba. Ya ce aikinsa ɗora ƙasa ne, ba shiga cikinta ba. Amma ƙannensa biyu sun je, kuma gida ɗaya suke. Su suke kawo duwatsu a buhu su zube a tsakar gida, mata su daka a turmin da ake dakan gero, a kai injin niƙa, a dawo da garin a shanya, sannan a wanke shi a kududdufin bayan gida. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Ƙura ce kawai, kuma ƙura ba baƙuwa ba ce ga kowa.

A bazarar shekarar 2010 yara suka fara kwanciya. Amai, zazzaɓi, sai jijjiga, sai a ce an rasa. Cikin wata ɗaya Mainasara da matarsa Tabawa suka binne yara biyu, Bilyaminu mai shekara huɗu da jaririyar da ba a yaye ba. Ta tsakiyarsu, Shamsiyya, ta tashi, amma ba yadda ta kwanta ba. Maganar da ta fara yi ta koma, tafiya ma sai da ta sake koya. Likitoci suka zo daga nesa suka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen zinarin, ita ce ta bi ƙura ta shiga cikin yara. Aka zo da ma'aikata suka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka kwashe aka binne a nesa, aka zuba sabuwa.

A wurin karɓar magani Mainasara ya san Rita, malamar asibiti, Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe tana aiki a yankin har Hausarta ta ɗauko harshen mutanen wurin. Ita ce ta gaya masa abin da ya tsaya masa a rai. Ta ce magani yana fitar da dalma daga jini, amma idan yaro ya koma cikin ƙurar nan, kamar ba a yi komai ba. Kuma ya ga haka da idonsa. Shekara ba ta cika ba mutane suka koma ramuka, domin ciki ba ya jira. An daina daka a gida, gaskiya ne, amma ƙurar tana dawowa a riga, a takalmi, a kan sirdin babur.

Yana da gona ta gado ta wajen mahaifiyarsa, tafiyar rabin awa daga ƙauyen, inda wata babbar kanya take tsaye kusa da rafi. Ba a taɓa kai dutse wurin ba. Bayan girbin 2012 ya tafi can shi kaɗai ya fara kwaɓa ƙasa. Ya gina ɗaki biyu, ya haƙa rijiya da taimakon wani abokinsa, ya sa aka sassaƙa wa Tabawa sabon turmi da sabuwar taɓarya, tsofaffin kuwa aka ƙone su. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa masa kai. Shi dai ya ci gaba da aikinsa.

Tsarin da ya kafa ba mai yawa ba ne, amma bai yarda a taɓa shi ba. Dutsen zinari ba ya shiga sabuwar tungar da ya kafa. Wanda yake zuwa rami ba a hana shi neman abincinsa, amma akwai rumfa a bakin hanya da randar ruwa da sabulu, nan zai tuɓe kayan aiki, ya yi wanka, ya sa tufafin gida, ya bar babur ɗinsa a wurin. Yaro ba ya cin abinci a ƙasa. Duk wanda ya gina ɗaki sai ya dasa itace biyar, kuma shi zai shayar da su har su tsaya da kansu. Ya kewaye rijiya da zogale da rama, ya bar gawo da ɗorawa a gona ba ya sara, ya gina wa mata murhun laka mai baki ɗaya wanda itace uku ke dafa tuwo a kansa. Ya yi shiri da wasu Fulani da ke sauka a wurin da rani, gidan wata dattijuwa Hure. Shanunsu su kwana a gonakin tungar su ci kara su bar taki, ita kuma ta riƙa kawo wa yaran nono kowace safiya, domin Rita ta ce yaron da ke samun nono da ganye jikinsa ba ya saurin karɓar gubar. Hure ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai Kaɗo mai laka. Shi kuma ya ce mata Bahillata mai ruwa cikin nono, ta yi kamar za ta jefe shi da ludayi.

Kafin shekara biyu gida bakwai suka tare, har da nasa. Kusan kowane gida akwai yaro irin Shamsiyya, wanda cutar ta bari da rauni. Waɗannan yaran ba su iya zama a makarantar ƙauye, ana yi musu dariya, malami kuma ba shi da lokacinsu. Nan Mainasara ya ƙudurta gina musu ɗakin karatu nasu, mai faɗi, mai tagogi ta gabas da yamma, inda za a koya musu a hankali, da allo da safe, da ƙirga da waƙa da wanke hannu da rana, manya kuma su zo ranar Alhamis su ji bayanin Rita. Ya ce wannan ɗakin shi ne zai zama mafi kyawun abin da ya taɓa ginawa.

To, akwai wata al'ada ta gidansu. Magini idan zai yi ginin da yake so ya daɗe, yakan nemi tsohuwar ƙasar kango ya haɗa a yaɓe da daɓe. Ƙasar da ta taɓa zama ɗaki ta nuna, ta sha ramno, wato ruɓaɓɓiyar ciyawar da ake haɗawa a laka, da makuba ta ɓawon ɗorawa, ba ta tsagewa kamar ɗanya. Kuma idan kangon na mahaifi ne, ana ganin albarkarsa tana biyo ƙasar. Soron mahaifin Mainasara yana nan a tsohon gida, rufinsa ya fara zubewa tun da mutanen gidan suka watse. Sai ya ɗauki jaki da mangala ya yi ta sawu, ya rushe bangon soron, ya kwaso ƙasar, ya kwaso azarorin giginya. A ransa guba a tsakar gida take, kuma an kankare ta. Bango kuwa mahaifinsa ya ɗora shi tun kafin a san akwai zinari a dajin. Da ƙasar nan ya yaɓe cikin ɗakin karatun, da ita aka yi daɓe, mata suna waƙa suna bugawa da madaɓi, ya shafe da makuba har yana sheƙi. Duk wanda ya shiga sai ya shafa bangon ya ce Mainasara ya gaji ubansa.

Yara suka yi wata huɗu suna wuni a ciki, tare da wani malami da aka samo musu. Lokacin awon jini ya zo, aka kai su asibiti kamar yadda aka saba, bayan mako guda Rita ta zo a kan babur ɗin kabu-kabu da takarda a jaka. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta tara iyaye a gindin kanya ta ce lambar dalmar da ke jinin yara biyar ta hau, maimakon ta sauka, kuma ta Shamsiyya ce ta fi hawa. Ta ce akwai inda dalma take shigowa tungar, kuma sai an gano.

Ba a daɗe ana nema ba aka sami wanda za a nuna. Hudu, mijin Uwani, shi ne har lokacin yake kwana biyu uku a rami. Saurayin magidanci ne mai gaggawa, kuma an taɓa ganinsa ya wuce rumfar wanka da babur ranar da aka ce ɗansa ya faɗi. Wata ta ce ta ga takalminsa na aiki a ƙofar ɗaki. Wani ya ce wa ya san abin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Hudu ya rantse, ya buɗe ɗakinsa aka duba ba a ga komai ba, amma zukata sun riga sun juya. Dokar kuwa ta Mainasara ce, shi ya kafa ta: wanda ya shigo da guba zai bar tungar. Magidanta suka ba Hudu zuwa Juma'a ya kwashe iyalinsa. Wurin da zai koma tsohon ƙauye ne, da ɗansa mai shekara biyar wanda sai a tungar nan ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Mainasara bai ce a kore shi ba, bai kuma ce kada a kora ba. Ranar Laraba da hantsi ya je gyara indararon ɗakin karatun, ya leƙa ta taga. Shamsiyya tana zaune a kusurwa, ta juya wa sauran baya, tana kankarar bango da farce tana kai wa baki. A daidai tsawon zamanta bangon duk ya yi 'yan ramuka, kuma ba wuri ɗaya ba, har can inda sauran yaran suke jingina. Yaran nan da yawansu suna cin ƙasa, kowa ya sani, shi ya sa ake share tsakar gida ana shimfiɗa musu tabarma. Bango ne ba wanda ya yi tunaninsa.

Yana tsaye a kan tsani abin ya dawo masa. A daminar 2009 ruwa ya zaftare gefen soron mahaifinsa, kuma shi da kansa ya gyara, ya sake yaɓe shi ciki da waje. Lakar da ya yi aikin da ita daga kududdufin bayan gida ya ɗebo ta, domin a lokacin ta yi laushi kamar an tankaɗe. Ya tuna har yabon ta ya yi. Laushin nan garin dutse ne da ƙannensa suke wankewa a wurin.

Ya sauko, ya shiga ya ɗauko 'yarsa, ya ce wa malamin yau a yi karatu a gindin kanya, akwai gyaran da zai yi. Ya ja ƙofa ya ɗaure da igiya. Ya isa gida ya zauna a kan turmi, abinci ya huce a gabansa. Tabawa ta dube shi ta dube shi, sannan ta tambaya ko jikin ne. Ya gaya mata duka, bai rage komai ba.

Ta jawo Shamsiyya ta buɗe mata baki tana goge mata harshe da gefen zane. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, Uwani tana can tana ɗaure kaya."

"Na sani."

"To mi kake jira?"

Abin da yake jira shi ma ya sani. Gida shida sun bar ƙauyensu bisa maganarsa, sun yarda cewa shi ya san ƙasa. Idan suka ji cewa shi ya kawo gubar a kan jaki, sawu talatin, ya shafa ta a inda 'ya'yansu suke wuni, mai yiwuwa ba wanda zai kwana a tungar. Zai iya sake yaɓe ɗakin da sabuwar ƙasa ya ce tsagewa ya yi, lambar yara ta sauka, a ce tafiyar Hudu ce ta kawo sauƙi. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa wannan tunanin ya zo masa, kuma tunanin bai bar shi nan take ba.

Washegari Alhamis, bayan la'asar, Rita ta zo, mutane suka taru a gindin kanya, Hure ma tana nan da ƙwaryarta. Hudu yana can gefe a tsugune, ba wanda ya zauna kusa da shi. Mainasara, wanda ba ya fara magana a taro, ya miƙe tsaye.

"Ku bar Hudu shi kwance kayanai," ya ce. "Ba laihinai na ba. Nawa na. Gubar tana cikin bangon ɗakin karatu, ni na kawo ta, ni na yaɓa ta da hannun ga."

Ya ba su labarin soron da lakar kududdufi. Wata daga cikin matan ta fara kuka a hankali. Wani magidanci ya ce shi dama bai ga dalilin kwaso ƙasar kango ba, alhali shi ne ya fi kowa yabon daɓen. Hudu ya tashi, kowa ya zaci zai yi faɗa, sai kawai ya ce, "Kawu, da ka yi shiru da ba wanda ya sani." Mainasara ya ce shi ya sani, kuma Allah ya sani.

Hure ce ta sassauta wurin. Ta ce, "Kai Kaɗo, shekara nawa kana ce mani ina zuba ruwa cikin nono, ashe kai abin da kake zubawa cikin laka ya hi nawa." Wasu suka yi dariya ba su shirya ba, har mai kukan.

Rita ta ce kada a yanke hukunci da baki, a bari a auna. Bayan kwana shida ta dawo tare da wani ma'aikaci mai na'urar awon ƙasa, wadda ake ɗora bakinta a kan abu ta nuna lamba. Aka auna rijiya, da gonaki, da ɗakin Hudu, da rumfar wanka, duk ba abin damuwa. Aka ɗora ta a bangon ɗakin karatu. Mutumin ya dubi lambar, ya matsa gaba ya sake ɗorawa, sannan ya ce kowa ya fita. Ya ce za a iya kankare yaɓen a fasa daɓen a bar ginin. Mainasara ya ce a'a. Ya ce ya san inda ya cusa ragowar ƙasar tsakanin tubali, wuri ba ɗaya ba, kuma ba zai iya rantsuwa a kan kowane ba.

Aka kwashe yaran tungar duka aka kai su mashekarin Hure, inda Fulanin suke sauka da shanunsu, na kwana huɗu. Aka jiƙa ɗakin da ruwa sharkaf don kada ƙura ta tashi. Magidanta suka zo da diga, amma ya roƙe su su bar masa bugun farko. Ya hau ya sauke azara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa diga a bangon gabas, wanda ya fi ɓata lokaci a kansa. Bai yi kuka ba, bai kuma tsaya hutawa ba sai da aka kira azahar. Hudu ne ya riƙa tura baro, shi da ya fi kowa sanin haƙa, shi ya haƙa ramin da aka binne ƙasar a can bayan tudu, inda ma'aikacin ya nuna, nesa da rafi.

Gida ɗaya ya tashi ya koma wajen dangi a Gummi. Mainasara ya raka su har bakin hanya, ya nemi gafararsu, matar ba ta amsa ba. Wannan bai taɓa barinsa ba. Sauran suka zauna.

Azarorin kuwa Rita ta ce a wanke su da buroshi da sabulu a gani. Aka wanke sau uku, aka shanya, da ma'aikacin ya sake zagayowa ya auna ya ce itacen ba shi da komai. Ta dubi Mainasara ta ce, "Baba, ga rabonka na gidan tsoho." Ya shafa ɗaya daga cikinsu, ya ce ya isa.

Aka sake gina ɗakin da gayya, cikin mako bakwai, da ƙasar wani rami da aka auna kafin a sa fartanya. Bai kai na farko kyau ba. Ɗanyar ƙasa ce, ta tsage a wuri biyu a ranin farko, ya bi ya lilliƙe. Daga ƙasa zuwa ƙugun babba ya sa aka shafe da siminti, abin da da can yake rainawa, don kada farce ya kama. Ya ƙara doka ɗaya a kan na da: ba a kawo ƙasa daga ko'ina sai an auna, ko da ta kangon uban waye. Magina daga wajen Anka da Bagega sun riƙa zuwa ranar Alhamis suna zama a cikin ɗakin, kuma ba ya fara nuna musu murhu ko shukar itace sai ya fara ba su labarin ɗakin farko, ya kai su bayan tudu ya nuna musu inda yake binne.

Awon da ya biyo baya lambar yaran biyar ta sauka, na gaba ma ta ƙara sauka. Ɗan Hudu ya kai ga gudu. Shamsiyya ba ta dawo kamar sauran yara ba, kuma likita ya gaya musu kada su sa rai da haka. Amma a shekarar 2016 tana iya kiran sunan kowa a tungar, tana ƙirga har ashirin, kuma ita ke shayar da zogalen bakin rijiya da 'yar butarta, ba ta tsallake ko ɗaya. Idan mahaifinta yana kwaɓa ƙasa takan zo ta tsaya a kansa, ta tambaye shi ko an auna. Yakan ajiye fartanya ya amsa mata cewa an auna, sannan ya ci gaba da aiki.